Ciyawar da Rairayi Ke Rayawa

Malam Lado zai iya yafe wa ɓarawon akuya, amma ban da rairayi. Ka zauna da shi ko na shan shayi ne, kafin kofin ya huce sai ya kawo maka labarin gonarsa ta arewacin Gure, wadda tudun rairayi ya taso sannu a hankali ya haɗiye, har da gawon da ke tsakiyarta. Yakan ce bai taɓa ganin maƙiyi mai haƙuri irin wannan ba, ba ya ihu, ba ya gudu, sai dai ka wayi gari ka tarar ya matso. A ƙasarsu, idan iskar farkon damina ta buga, gari kan fita da sassafe, maza da mata, kowa ya durƙusa a gona yana tone tsiron gero da yatsu kafin rana ta dafa shi a ƙasa. A cikin wannan aiki Lado ya tashi, a cikinsa ya yi furfura. In ya ga tsiro a turbuɗe, hannunsa kan riga tunaninsa isa wurin.

To, ikon Allah, sai ga shi ya haifi 'ya, Safiatou, da ta yi karatun tsirrai har ta zama dakta, kuma duk faɗin duniya ba ta ga abin nazari ba sai rairayi. Aikin ya kai ta Riyadh. Tana zaune a unguwar Gubaira da mijinta Mudassir, wanda ke karatun hadisi a jami'a. Da Lado ya gama umara sai suka ce ya zo ya huta a wurinsu kafin ya koma gida.

Hutu kuwa ya zame masa azaba. Ɗaki, na'urar sanyi, talabijin mai Larabci, shi ke nan. Ya leƙa taga, ba gona, ba akuya, sai masu gyaran mota suna buge-buge a ƙasa. Wata safiya ya tare 'yarsa a bakin ƙofa.

"Ke, zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Tafi da ni in ga abin da ya raba ki da gida."

Ta yi dariya ta ce, "To Baba, bismilla."

A mota ta ba shi labarin aikin. Can gabas, a bakin teku, akwai wani ƙauyen masunta da tudun rairayi ke tsallako musu hanya, a share yau, gobe ya dawo. Bara an shuka itatuwa a jere reras kamar lambun otal, rairayi ya cinye su kaf. Shi ne bana aka ba ta aikin. Ita da kanta ta bi gaɓar tekun cikin zafi tana tsinko irin wata ciyawa da ke fitowa a wurin, ta kawo shi Riyadh ta rena. Da sanyi ya shigo za a kwashe shukar a kai can a dasa.

"Sau ɗaya take yin iri a shekara, Baba. In waɗannan suka mutu ba ni da wasu. Za a karɓe aikin a mayar wa masu jeri, mutanen ƙauyen kuma su ci gaba da shebur."

Lado ya gyara zama. 'Yarsa ce za ta ɗaure rairayi! Daɗi ya cika shi har wuya, amma ya haɗiye, don shi ba ya cikin iyayen da ke yabon 'ya'yansu a gaban idonsu.

"Sai dai ita wannan ciyawa halinta daban ne," Safiatou ta ci gaba. "Ita da rairayi..."

"Ni za ki gaya wa rairayi?" Ya ɗaga mata hannu. "Tun ba a haifi uwarki ba nake kokawa da shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ta yi murmushi ta ja bakinta. Ina 'ya za ta tsaya koya wa ubanta karatu?

Wurin renon shukar, wanda su ke kira mashtal, yana kudancin birni, bayan an wuce masana'antu da rumbunan kaya. Wata doguwar rumfa ce ta koriyar raga, a ƙarƙashinta dogayen tukwanen roba layi-layi, kowace da ɗan ƙyalle mai launi a ɗaure. Lado ya bi bayan 'yarsa yana kallo. Kai, yarinyar nan! Tana tafe tana taɓa ganye, tana ba da umarni da Larabci kamar a nan aka yanke mata cibiya, ƙarti masu gemu suna amsa mata da ladabi. Wannan ce fa wadda ta riƙa bin sa gona tana kuka don ƙaya ta soke ta. Ya kau da kai yana gyaran murya don kada a ga fuskarsa.

Ba su daɗe ba aka kira ta a waya, ana nemanta a ofis cikin gari. Ta shimfiɗa masa darduma a inuwa, ta ajiye masa fulas ɗin shayi, ta ce za ta dawo da azahar.

Yana zaune sai ga wani siririn ma'aikaci, mutumin Bangladesh, ya turo baro cike da farin rairayi. Ya tsaya a kan layin farko, ya ɗebo da gwangwani, ya juye a kan ciyawa. Lado ya zaro ido. Mutumin ya ƙara ɗebowa ya juye. Ɗanyen tsiro, kore shar, yana ji yana gani aka turbuɗe shi har sai ɗan kan ganye ya rage. Haka ya bi layin yana yi, hankalinsa kwance, har da 'yar waƙarsa. Da baron ya ƙare ya tura abinsa ya ɓace bayan rumfar.

"Inna lillahi!" in ji Lado.

Ya tashi ya duba sauran layukan. Ashe ɓarnar ba ta yau ba ce. Wasu tukwanen rairayin ya kai taƙi guda, wasu ya fi haka. Ya tsaya yana lissafi a ransa. Ko dai bawan Allahn nan bai san aiki ba, ko kuwa wani mai hassada ne ya sa shi. Ita kuma yarinya, karatu ya yi mata yawa, ta saba ganin abin har ta daina gani. In ya faɗa mata, za ta kori mutumin, ga shi baƙo a ƙasar mutane, wa ya san yawan bakin da yake ciyarwa a gida? In ya yi shiru, shukar 'yarsa ta tafi. Hanya ɗaya ce, ya gyara da kansa, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Ya naɗe hannun riga ya durƙusa.

Wallahi in ka ga Lado yana tone tsiro sai ka so ka zama manomi. Yatsun nan masu kaushi sukan koma kamar na ungozoma. Ya janye rairayin a hankali, ya kewaya karan, ya busa da baki. Sai ya ga wani abu: a kowace gaɓa ta karan da aka binne, wasu fararen saiwoyi sirara sun fito, masu taushi kamar gashin masara.

"Allah sarki," ya ce da ciyawar. "Har kin fara laluben hanyar numfashi. Yi haƙuri, ga ni na zo."

Ya kakkaɓe su tas. Da ya gama layi guda, sai ya ga ai wanda ya sha ƙunci iska yake buƙata da rana, ya jajjawo tukwanen zuwa bakin rumfa inda hasken ke sauka sosai. Ranar Riyadh kuwa, ko da zafi ya fara ja da baya, ba abokiyar wasan kowa ba ce. Ya koma layi na biyu, na uku, ya ci gaba. Bayansa na ciwo, gumi ya jiƙa masa riga, amma tun da ya sauka a ƙasar nan bai ji daɗi irin na wannan hantsi ba.

Ya ci kusan rabin rumfar sa'ad da mai baron ya dawo. Mutumin ya saki baron, ya ɗora hannu biyu a ka.

"La! La, ya Hajj! La!" yake ta ihu da Larabci, wato a'a.

"Kwantar da hankalinka, ɗana," Lado ya ce masa da Hausa. "Ba mai jin wannan magana a bakina. Amma gobe kada ka ƙara." Ya haɗa da ɗan Larabcin da ya tsinta a Makka: "Ma fi mushkila," wato ba matsala.

Mutumin ya dube shi kamar zai yi kuka, ya zaro waya yana dannawa.

Tun kafin azahar motar Safiatou ta tsaya a ƙofa. Ta shigo da sauri, sai ta ja ta tsaya cak. Ta dubi tulin rairayin da ke zube a ƙasa, ta dubi tukwanen da ke rana, ta dubi ubanta durƙushe, rairayi har gwiwar hannu, yana mata murmushin wanda ya yi abin kirki. Ta cire tabarau ta riƙe.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce a hankali.

Daga nan ta tsuguna gaban tukunya ɗaya ta taɓa fararen saiwoyin nan. Sun riga sun yi launin ƙasa, sun ƙanƙance, tana taɓawa suna karyewa. Ta miƙe ta yi wa ma'aikacin magana da sauri, ya ruga ya kira wasu, aka hau jan tukwane zuwa inuwa ana yayyafa ruwa. Ba wanda ya kalli Lado. A nan ne gabansa ya faɗi.

"Ke, me ya faru? Ba mai baron nan ne ya binne su ba?"

"Ni na sa shi, Baba."

"Ke? Da hankalinki?"

Ta kama hannunsa, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama, ta ja shi zuwa ƙarshen rumfar. Ta nuna masa wani layi da ba a taɓa zuba wa rairayi ba. Ciyawar iri ɗaya ce, amma ga ta nan sirara, ganyen ya yi ɗorawa, kamar mai jinya. Ta nuna masa na kusa da shi, wanda aka sha binnewa kuma hannunsa bai kai gare shi ba. Kara mai kauri, kore har yana baƙi, ya huda rairayin ya yi 'ya'ya ta ko'ina.

"A bakin teku iska ba ta hutawa," ta ce. "Tudun da ke fuskantar ruwa kullum ana zubo masa sabon rairayi. Ba abin da ke iya zama a nan sai wannan. Duk sa'ad da aka binne ta sai ta fitar da sabuwar saiwa a gaɓar da ta shiga ƙasa, ta miƙe sama ta tsere wa rairayin. Da waɗannan saiwoyi take ci take sha, tsofaffin na ƙasa sun gama aikinsu. Ranar da rairayi ya daina zuwa, ranar take fara lalacewa."

Ta wuce da shi wani layin. Ya gane shukar nan take, kalimbo ne, irin wanda suke yin shinge da shi a Gure. Ta ce shi wannan a bayan tudu yake zama, yana jure binnewa daidai gwargwado, in ta yi yawa ya shaƙe. Can baya kuma, inda iska ta gaji, sai ƙananan ganyayyaki masu shimfiɗa a ƙasa, waɗanda ko yatsa huɗu aka zuba musu sun tafi. Ta nuna masa gawarsu a tukwane.

"Ka ga, rairayin ne ke raba musu fili, kamar mai unguwa. Kowa da inda aka yanka masa. Masu jerin bara ba su tambaye shi ba, suka sa na baya a gaba. Ni kuwa ina so in san iyakar abin da kowace za ta ɗauka kafin in kai ta can."

Lado ya daɗe yana kallon ciyawar nan mai kauri.

"Mu ma muna binne," ya ce da ƙyar. "Amma iri muke binnewa kafin ruwa ya sauka. Ban taɓa jin an binne abin da ya riga ya ga rana ba." Ya dubi hannuwansa. "Kenan cikinta na farke, na shanya a rana."

Ta sunkuya tana gyara ƙyallen wata tukunya.

"Garin gyaran gira na tsone ido," ya ce. "Za su tashi?"

"Ban sani ba, Baba. Za mu mayar da rairayin, mu rufe su gaba ɗaya, ko gaɓoɓin sama za su yi wata saiwar. In akwai sauran ƙarfi a jikinsu za su huda su fito."

Ranar bai iya cin tuwo ba. Mudassir ya zauna gefensa cikin ladabin suruki yana kawo masa maganar cewa ayyuka da niyya suke. Lado ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗa, Allah ya san niyyata. Amma ciyawa ba ta sani ba." Daga baya ya ji daga bakin Mudassir cewa da shugabanta ya tambayi abin da ya faru, Safiatou ta ce laifinta ne, ita ta bar baƙo a rumfa ba ta yi masa bayani ba. Ko sunansa ba ta kama ba. Wannan ya ƙara karya masa zuciya, ya kuma ƙara mata girma a idonsa har ya rasa inda zai ajiye ta.

Washegari tana fitowa ta same shi a bakin ƙofa da hularsa.

"Ba zan taɓa komai ba sai abin da kika ce," ya riga ta.

Aka ba shi ban ruwa. Kullum yana rumfar, shi da mai baron da ya so ya rufa wa asiri, suna magana da hannu, suna raba shayi. Amma fa jarrabawa ce. Rabin rumfa tukwane ne cike da farin rairayi, ba ko ɗigon kore. Ya san akwai rai a ƙasa, ko kuma babu, kuma yatsa ɗaya ya isa ya gaya masa. Ɗan tonawa kaɗan, ya leƙa, ya mayar, wa zai sani? Sau nawa ya tsinci hannunsa ya miƙa shi kaɗai! Sai ya fizge shi, ya zaro carbi ya riƙe da hannu biyu. Mutumin da ya shekara sittin yana ceton tsiro, yau ga shi zaune gaban tsiro a turbuɗe yana ja wa kansa linzami.

Kwanaki suka tura, bizarsa ta kusa ƙarewa, sanyi ya fara leƙowa da safe. Safiatou ta zazzage tukunya ɗaya daga layin farko, wanda ya fi daɗewa a rana, don ta gani. Karan ya bushe ƙamas. Ta zazzage ta biyu, haka. Ta share hannu a jikin rigarta ta ce, "To, Allah ya sa na baya su yi." Lado ya ga yadda ta rame a 'yan kwanakin nan, ya ga kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaure masa fuska ba.

Wata safiya yana bin layi na uku da butar ruwa sai ya ga rairayin wata tukunya ya ɗan tsage. Ya sunkuya. Wani ɗan tsini ne kore, bai kai kan allura biyu ba, ya ɗago ƙwayar rairayi a kansa kamar mai tallan goro. Lado ya ajiye butar.

"Ke! Ke, Safiya! Zo ki gani!"

Ta zo da gudu, mai baro ya biyo ta. Su uku suka kewaye tukunya ɗaya suna kallon abin da akuya ba za ta ko sunkuya dominsa ba. Ranar aka ga wasu a layi na huɗu. Kashegari wasu suka ƙaru. Layin farko da na biyu kuwa shiru, sun tafi ke nan. Safiatou ta zagaya ta duba, ta ce ba za su isa duk abin da ta yi niyya ba, amma za su rufe fuskar tudun da ya fi matsa wa hanyar masunta, kuma da wannan ba za a karɓe aikin ba, muddin suka yi ƙarfi kafin ranar dashe.

Lado ya zama kamar mai sabon jariri. Yana zuwa sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana gaishe su. Suka kai tsawon yatsa, suka buɗe ganye, suka doshi taƙi.

Ranar da zai tashi, jirginsa na yamma ne, ya ce sai ya je sallama. Suna shiga rumfar ya ga baro a tsaye gaban layi na uku, cike da farin rairayi, gwangwani a soke a kai. Ya juya ya dubi 'yarsa.

"Yau ne ranarsu, Baba."

"Haba! Yanzu fa suka farfaɗo. Ki bar su su sha iska mana, ko na mako guda."

"In na bar su za su yi tsawo ba saiwa. Iskar teku za ta kwantar da su tun a daren farko." Ta dube shi. "Ka jira a mota in ba ka son gani."

Mai baro ya kai hannu zai ɗauki gwangwanin. Lado ya riƙe masa wuyan hannu.

"Kawo."

Ya cika gwangwanin ya tsaya a kan tukunyar da ta fara tsagewa, wadda ya fi sabawa da ita. Ganyenta huɗu, kore shar, suna ɗan motsi. Duk abin da ubansa ya koya masa, duk abin da ya koya wa 'ya'yansa, yana ce masa kada ka yi.

"Har ina?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Ta sa yatsa a jikin tukunyar ta nuna masa.

Ya yi bismilla ya juye. Rairayin ya hau karan, ya rufe ganye na farko, ya rufe na biyu. Ya ƙara ɗebowa ya zuba har ya kai inda yatsanta yake, ya daidaita saman da tafin hannu. Hawaye na bin gemunsa, bai damu ya share ba.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," ya ce. "Na bi ki."

Safiatou ta juya baya tana goge tabarau da gefen mayafi. Shi kuwa ya sake cika gwangwanin ya matsa tukunya ta gaba.